Yadda za ka bi sawun kalmar hopefully da wayarka, ka kuma san inda za ka sa ta

Har gobe akwai malaman Turanci da in ɗalibi ya rubuta Hopefully, we will finish the work next week sai su zagaye kalmar farko da jan biro su ce kuskure ne, akwai kuma wasu da ko kallonta ba za su yi ba su wuce, shi kuwa ɗalibi yana tsakiya bai san wa zai bi ba, musamman masu shirin WAEC ko IELTS ko masu rubuta takardar neman aiki da neman sukolashif. Abin da nake so ka gane shine wannan jan biron yana da tarihi, akwai shekarar da ya fara, akwai mutanen da suka kawo shi, akwai kuma lokacin da manyan masu hukunci suka janye shi, kuma duk wannan kai da kanka za ka iya ganinsa da waya da ɗan data ba sai wani ya faɗa maka ba. Hanyar da zan nuna maka tana aiki da kowace kalmar Turanci, na ɗauki hopefully ne saboda da wuya a samu kalmar da aka yi wa taron dangi irin nata.

Fara da raba ma'anar gida biyu

Kafin ka buɗe komai a intanet sai ka san me kake nema, in ba haka ba za ka ga lambobi ne kawai ba ka san me suke faɗa ba. Kalmar nan tana aiki iri biyu.

Na farko, tsohon aikinta, tana bayyana yadda mutum ya yi wani abu, wato ya yi shi yana cike da fata. Misali The boy looked hopefully at his father, yaron ya kalli babansa yana sa ran zai samu wani abu. A nan kalmar bayanau ce zalla, tana manne da aikatau ɗin looked, kuma mai fatan shine yaron da ke cikin jimlar. Marubucin nan Robert Louis Stevenson yana da wata jimla da Turawa suka haddace tun 1881, To travel hopefully is a better thing than to arrive, ma'ana ka yi tafiya kana cike da fata ya fi isowar kanta daɗi. Wannan ma'anar babu wanda ya taɓa yin rigima a kanta.

Na biyu shine wanda mu yanzu muka fi sani, Hopefully, the rain will stop, da fatan ruwan zai ɗauke. Kaga a nan ba ruwan ne yake fata ba, ruwa ba ya fata, mai maganar ne yake fata, kalmar ta tsaya a gefe tana nuna ra'ayinsa a kan jimlar gaba ɗaya. Toh wannan na biyun shine aka shekara kusan hamsin ana faɗa a kansa a Amurka da Ingila.

Gwajin da za ka riƙa yi mai sauƙi ne. Duk jimlar da ka gani da kalmar a ciki, cire ta ka sa I hope that a gaba, in ma'ana ta zauna to ta biyu ce, in kuma sai ka sa with hope sannan ta zauna to ta farko ce. Riƙe wannan gwajin da kyau don shi za ka yi ta amfani da shi a duk matakan da ke tafe.

Ƙamus, amma ba don ma'ana kawai ba

Yawancinmu in mun buɗe ƙamus layin farko muke karantawa mu rufe. A wannan aikin ƙasa za ka gangara. Shiga shafin Merriam-Webster, kyauta ne, rubuta kalmar, za ka ga sun ba ta ma'ana ta 1 da ta 2, sannan ka ci gaba da gangarawa har ka iske ɗan bayanin da suke yi a kan yadda ake amfani da ita da kuma wajen da suke faɗin lokacin da aka fara ganinta a rubuce. Bayan nan ka leƙa etymonline, shima kyauta ne, shi aikinsa kenan asalin kalmomi. Babban ƙamus na Oxford, wanda ake kira OED, ya fi su duka zurfi domin yana jero ainihin jimlolin da shekarunsu, sai dai cikakken bayaninsa na kuɗi ne, in kana jami'a ka tambayi laburarenku ko suna da rajista.

Abin da za ka tarar a taƙaice shine ma'ana ta farko tana nan a rubuce tun ƙarni na 17 aƙalla. Ma'ana ta biyu kuma, wadda ake cewa ɓarnar 'yan zamani ce, ba sabuwa ba ce kamar yadda ake zato. Wani limamin coci a Boston mai suna Cotton Mather ya yi amfani da kalmar a littafinsa na tarihin cocin New England da ya fito a 1702, yana maganar wani mai fama da doguwar jinya da ake fatan sauya wuri zai kawo masa sauƙi, kuma masana da yawa da ma'ana ta biyu suke karanta wannan jimlar. Sai kuma misalin 1932 daga shafin sharhin littattafai na jaridar New York Times wanda aka daɗe ana kawowa a matsayin farkon yayinta na zamani.

Abu ɗaya da ya kamata ka kiyaye a nan, shekarar da ƙamus ya ba ka ba ita ce ranar da aka haifi kalma ba, ita ce dai mafi tsufan takardar da masu ƙamus suka samu zuwa yanzu. Mutane suna faɗin abu da baki shekaru kafin wani ya rubuta, shi yasa za ka ga wannan ƙamus ya ce kaza wancan ya ce kaza, ba ƙarya wani yake ba, kowa da takardar da ya tono.

Google Ngram, nan aikin yake

Wannan shine matakin da nafi so mutane su koya domin shi ne yake sa ka gani da idonka. Google sun ɗauki hoton miliyoyin littattafai, a ƙarshen 2010 suka fitar da wata manhaja mai suna Ngram Viewer da take ƙirga sau nawa kalma ta fito a littattafan kowace shekara ta zana maka layi. Ba sai ka sauke komai ba, a burauza kawai ka rubuta Google Ngram Viewer ka shiga, in a waya kake ka kwantar da wayar a kaikaice don zanen ya fito sosai.

A akwatin sama goge abin da ka tarar ka rubuta hopefully da ƙananan baƙaƙe. Shekaru ka sa daga 1800 zuwa ta ƙarshen da suka bari, harshe ka bar shi a English, ka danna neman. Za ka ga layin yana kwance ƙasa-ƙasa tsawon ƙarni na 19, yana ɗan ɗagawa a hankali a farkon ƙarni na 20, sai daga wajen 1960 ya miƙe sama kamar an tsikare shi. Wannan tashin shine asalin duk rigimar. Kalmar da mutane suke gani jefi-jefi sai ga ta a bakin 'yan siyasa, a jarida, a talabijin, ko'ina, kuma da ma'anar da tsofaffin editoci ba su saba da ita ba.

Amma wannan layin ya haɗa ma'anoni biyun wuri ɗaya, manhajar ba ta san ma'ana ba, tana nan ne kamar mutumin da ya tsaya a ƙofar kasuwa yana ƙirga masu shiga, ya san adadinsu sarai amma bai san me kowa ya je saye ba. Dabarar da za ka yi ita ce ka yi amfani da babban baƙi. Manhajar tana bambanta babban baƙi da ƙarami in ba kai ka kashe wannan ba, kuma ma'ana ta biyu ta fi zuwa a farkon jimla, don haka rubuta Hopefully da babban H, sa waƙafi, sannan hopefully da ƙaramin h. Waƙafi a wannan akwatin raba abubuwan nema yake yi, sai ta zana maka layi biyu masu launi daban. Duba na babban H ɗin da kyau, za ka ga kusan a manne yake da ƙasa har tsakiyar ƙarni na 20 sannan ya tashi. In kana son ka ƙara tsaftace shi akwai alama ta musamman da suke da ita, ka rubuta _START_ Hopefully, da layin ƙasa kafin kalmar START da bayanta, wannan yana nufin a ƙirgo wanda ya zo a farkon jimla kaɗai.

Yanzu ƙara abu na uku. Kafin hopefully ta yi ƙarfi Turawa suna da wata doguwar hanya ta faɗin wannan ma'anar, it is to be hoped. Rubuta ta a akwatin kusa da Hopefully ka ga abin da zai faru, ɗaya tana gangarowa tun daga ƙarni na 19 ɗaya kuma tana hawa. Ni a ganina wannan hoton ya fi duk wata muhawara bayani, mutane suna da buƙatar su ce ana fata ba tare da sun ce ni ko mu ba, hanyar da suke da ita kalmomi biyar ce masu nauyi a baki, sai ga kalma ɗaya da take yin aikin, ai dole su koma mata. Ka lura manhajar ba ta karɓar abin da ya wuce kalma biyar a jere, wannan ɗin dai-dai ya shiga.

Sai ka canza harshe daga English zuwa American English, ka ɗauki sikirinshot, ka sake canzawa zuwa British English ka kwatanta. Za ka ga Amurka ce ta riga tashi Ingila ta biyo baya, shi yasa a Birtaniya ƙorafin ya ɗauki wani salo, su abin da ya fi ɓata musu rai shine wai kayan Amurkawa ne ya shigo musu harshe.

Kada ka tsaya a zane, dan Allah. A ƙasan zanen akwai wajen da aka rarraba shekaru, in ka danna ɗaya zai kai ka Google Books ya nuna maka ainihin jimlolin daga littattafan wannan lokacin. Zaɓi wani yanki kafin 1900 ka karanta jimla kamar ashirin kana yi musu gwajin nan na I hope that da with hope, ka rubuta a takarda nawa ne na farko nawa ne na biyu, sannan ka je shekarun 1970 ka maimaita. A na farkon za ka yi ta ganin irin su she smiled hopefully da he spoke hopefully of the future, a na biyun kuma sai ka ga Hopefully da waƙafi a gaba tana buɗe jimla bayan jimla. Wannan ƙirgen na hannu shine ainihin binciken, zanen nuni kawai yake maka inda za ka tona.

Akwai tarkuna a wannan manhajar da ya kamata ka sani tun wuri. Wani lokaci shekarar da aka liƙa wa littafi ba daidai ba ce, musamman mujallu, sai ka ga an sa wa fitowar 1975 shekarar da aka kafa mujallar, don haka in ka ci karo da jimla mai kama da ta zamani a 1850 buɗe littafin ka duba shafin farko kafin ka yi murna. Na biyu lambobin da ke gefen zanen kaso ne ba adadi ba, wato kason kalmar cikin duk kalmomin shekarar. Na uku akwai wani saiti da ake kira smoothing wanda yake a kan 3 tun farko, yana shafe ƙananan hawa da sauka don layin ya yi santsi, in kana son ka ga shekara-shekara mayar da shi 0. Sannan abin da aka buga a takarda ne kawai a ciki, babu hirar baka babu saƙon waya, kuma littafi ya bi ta hannun edita, editocin wancan lokacin kuwa da yawansu goge kalmar suke yi, kenan abin da ka gani a zanen ma bai kai yadda take a bakin mutane ba.

Su waye suka ce kuskure ne

Da ka ga tashin 1960 ɗin sai ka nemi abin da masu littattafan gyaran Turanci suka ce a daidai wannan lokacin, nan za ka ga abin ya haɗu. A 1965 Theodore Bernstein, ɗaya daga cikin manyan editocin New York Times, ya soki wannan amfani a littafinsa. A 1966 littafin Wilson Follett mai suna Modern American Usage ya fito, shi kuma ya ɗora laifin a kan masu fassara daga Jamusanci, domin Jamusawa suna da kalmar hoffentlich mai nufin ana fata, daban da hoffnungsvoll mai nufin cike da fata, a cewarsa sai aka kwaso ta farkon aka ɗora wa hopefully. A shekarun 1970 ƙaramin littafin nan na Strunk da White da ɗaliban Amurka suke ɗauka kamar doka shima ya shigar da gargaɗi a kanta. Abin har ya kai marubuciya Jean Stafford ta liƙa sanarwa a ƙofar gidanta cewa ba a yarda a yi kuskuren amfani da kalmar a wannan gidan ba, wanda ya yi za a kunyata shi. Ka ji fa, a kan kalma ɗaya.

Hujjojinsu guda uku ne kuma ya kamata a saurare su da adalci. Sun ce bayanau aikinsa ya bayyana aikatau, wannan kuwa ba ta bayyana komai a jimlar. Sun ce ba ta faɗin waye yake fatan, don haka ɗan siyasa ko shugaban kamfani zai iya fakewa a bayanta ya yi magana mai kama da alkawari alhali bai ɗauki nauyin komai ba. Sun kuma ce tana kawo ruɗani, jimla ɗaya ta ɗauki ma'ana biyu.

Hujja ta farko ba ta da ƙarfi ko kaɗan, kuma za ka iya rushe ta da kanka. Turanci cike yake da kalmomi masu wannan aikin, frankly, luckily, sadly, fortunately, mercifully, thankfully. In mutum ya ce Sadly, the shop closed ai ba shagon ne yake baƙin ciki ba, in ya ce Frankly, he is lying ba maƙaryacin ne yake faɗin gaskiya ba, mai magana ne, kuma mafi yawan waɗannan babu wanda ya ɗaga musu jan biro. Kenan nahawu bai hana ba, kawai dai wannan ɗin ta yi yawa ne cikin ɗan lokaci har ta zama alamar da ake gane wai wanda bai iya ba. Hujja ta biyu da ta uku kuwa akwai ƙamshin gaskiya a cikinsu, zan dawo kansu a wajen amfani.

In kana son ka ga yadda ra'ayi ya juya da lambobi, ƙamus na American Heritage a da, har zuwa 2018, yana da wani kwamiti na marubuta da malamai da yake tambaya ra'ayinsu lokaci-lokaci. A 1969 kashi 44 cikin 100 ne suka amince da ma'ana ta biyu. A 1986 suka ragu zuwa kashi 27, wato yayin da jama'a suke ƙara amfani da ita su masu hukuncin ƙara taurin kai suke. A 1999 kashi 34, sai a 2012 ya kai kashi 63. A watan Afrilun wannan shekarar ta 2012 kamfanin dillancin labarai na Associated Press, wanda littafin salonsa ne jaridun Amurka da yawa suke bi, ya sanar a Twitter cewa ya amince da sabon amfanin, kuma da kalmar Hopefully ɗin suka buɗe sanarwar. Daga nan rigimar ta yi sanyi sosai. Malamin da har yanzu yake zagaye ta ba jahili ba ne, yawanci littafin da aka koyar da shi da shi ne aka rubuta a tsakiyar lokacin faɗan, don haka in za ka nuna masa ka nuna cikin ladabi, ka ce Malam ga abin da na gani ko za a duba min, ba ka je da gadara ba.

In kana son ka zurfafa

Akwai shafin english-corpora.org na Farfesa Mark Davies, ana rajista kyauta da imel amma akwai iyakar neman da za ka yi a rana. A ciki akwai rumbun da ake kira COHA, rubuce-rubucen Amurka ne daga shekarun 1820 zuwa na 2010, an raba su shekara goma-goma kuma an raba labaran ƙirƙira da jaridu da mujallu, ya fi Ngram tsafta wajen kwanan wata kuma yana jero maka jimloli a layi kalmar tana tsakiya, ƙirgen hannu ya fi sauƙi a nan. Akwai kuma GloWbE wanda ya tattaro Turancin intanet na ƙasashe 20, Najeriya da Ghana suna ciki, sai ka nemi kalmar ka ga yadda namu suke sa ta idan aka kwatanta da Amurka ko Indiya. Ɗalibin Turanci da ke neman abin rubuta furojet, ga abu nan a kwance.

Toh yanzu ya za ka yi da ita a rubutunka

A hira, a WhatsApp, a imel na yau da kullum, sa abarka ba tare da fargaba ba. Har amsa guda ake yi da ita, a ce maka Will they pay this month? ka ce Hopefully, ko a ce za a sake ɗage jarrabawa ka ce Hopefully not, duk Turanci ne lafiyayye.

In ma'ana ta biyu kake nufi, sa ta a farkon jimla ka bi ta da waƙafi, ko ka sa ta bayan will, kamar We will hopefully arrive before dark. In ta farko kake nufi, sa ta bayan aikatau. Wajen da ruɗanin da su Follett suka yi magana a kai yake faruwa da gaske shine lokacin da mai aikin jimlar mutum ne kuma aikin irin wanda ake iya yi da fata ne. Duba They will wait hopefully da Hopefully, they will wait, ta farko za su jira suna sa rai, ta biyu ni nake fatan za su jira. Amma irin su The team will start the match hopefully tana iya ɗaukar duka biyun, a irin wannan kada ka wahalar da mai karatu, canza ta gaba ɗaya ka ce I hope ko with high hopes, wanda kake nufi.

A rubutun jarrabawa ko takardar da ba ka san wa zai karanta ba, shawarata ka rage ta, ba don kuskure ba ce, don dai ba ka san wane littafi mai makin ya karanta ba kuma ba za a kira ka ka kare kanka ba. I hope that, we hope that, it is hoped that, duk suna nan, ba ka rasa komai.

Wajen da nafi damuwa shine wasiƙar aiki da alkawari. Mu mun saba in za mu faɗi abin da zai faru gobe mu ce insha Allah, kuma mutum yana iya faɗin haka da cikakkiyar niyyar cikawa, yana dai mayar da al'amari ga Allah ne. Sai wasu in sun koma Turanci su ɗauki hopefully su sa a gurbin, alhali ba aiki ɗaya suke yi ba. Bature ko duk wani abokin hulɗa in ya karanta Hopefully, I will send the report on Monday abin da yake ji shine ba ka da tabbas, wataƙila ma ya fara shirin rahoton ba zai zo ba. In abin a hannunka yake ka ce I will send the report on Monday, in kana son ka ambaci Allah ka ƙara God willing ko insha Allah ɗinka yadda yake, mutane da yawa a duniya sun san shi. Ka ajiye hopefully don abin da ba a hannunka yake ba, ruwan sama, sakamakon biza, dawowar wuta, amincewar wani ofis. A takardar neman aiki ma haka, Hopefully I can contribute tana sa ka yi kama da mai shakkar kansa, ka ce I can contribute kai tsaye.

Sai kurakuran da su kam kuskure ne na gaske ba na ra'ayi ba, kuma ina yawan ganinsu a Facebook. Ba a cewa I am hopefully that, sai dai I am hopeful that, domin bayan am sifa ake buƙata. Ba a cewa I hopefully you are fine, sai dai I hope you are fine. Ba a haɗa biyu a ce I hope that hopefully, ɗaya ta isa. Wajen rubutawa kuma hopeful da l ɗaya take ƙarewa, hopefully l biyu ne, kuma e ɗin da ke bayan p ba ya faɗuwa, in ka cire shi ka rubuta hopfully ka fita daga kalmar.

In ka gama da wannan ka gwada hanyar a kan thankfully, ita ma ta sha irin wannan sukar duk da bai kai na hopefully ba. Raba ma'anarta biyu tukuna, da godiya da kuma abin godiya shine, duba shekarun a ƙamus, saka Thankfully da thankfully a Ngram daga 1800, sannan ka gangara ƙasa ka karanta jimlolin kafin 1900 da na bayan 1980 ka ƙirga da hannunka.